Saiwar da Baba Ya Aike Ni Nema a Guangzhou

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da ƙawata da muke maƙwabtan shago. Kafin in fita na leƙa ɗakin Baba. Wata huɗu ke nan yana kwance, kunu ma cokali uku yake sha ya kau da kai. Mutumin da ya shekara hamsin yana sayar da saiwoyi da sassaƙe, ga shi babu ko ɗaya da ya karɓe shi. Tun da ya je Hajji wani Musulmin China ya nuna masa wata saiwa mai siffar mutum, jinsen, wadda aka ce tana dawo wa wanda ya galabaita da ƙarfinsa, bai daina zancenta ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ki zo mini da ta daji, ba ta gona ba. Ko ban sha ba, in riƙe ta a hannuna." Na ce in sha Allahu, na fita da sauri don kada ya ga idona.

Mun yada zango a Addis Ababa, daga nan aka ɗebe mu sa'o'in da na daina ƙirgawa. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muka sauka Gwanzo, kamar yadda muke kiran garin, muka tarar da wani zafi mai danƙo, kana fitowa daga wanka kana neman wani. Wanda ya tarbe mu ɗan zangon Kumasi ne mai harkar kwantena, ya daɗe a garin har yana jin yarensu. Hausarsa ba ta san mace ba, "Hajiya, ka zo" yake ce mini, tun ina waiwayawa har na saba.

Kwana uku na farko sana'a muka yi. A kasuwar Canaan muka zaɓi kayan yara, muka wuce Xintang wajen masu wandon jins, inda ruwan kwata ma shuɗi ne. Komai ya yi tsada, ko in ce kuɗinmu ne ya lalace. Kin nuna abin da kika saya bara, lawban, wato mai shago, ya danna miki sabon farashi a kalkuleta, ki roƙi ragi ya ce meyo, babu. Abinci kuwa wajen Musulmansu masu farar hula muke cin taliyar da ake ja da hannu. Ƙawata ta dage sai ta ci da tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, rabin kwanon a mayafinta ya ƙare. Kullum da yamma ina kiran Yaya, babban wanmu da ke jinyar Baba, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi.

Rana ta huɗu ɗan zangon ya raka ni kasuwar magunguna. Tun daga bakin titi warin ke tarbarka. Na ga busassun kunamu a roba, ƙahon barewa a yayyanke, naman kaza mai faɗin faifai. Jinsen kuwa buhu-buhu. Na tsuguna a shagon wani tsoho ina zaɓen manya-manya masu santsi kamar ina sayen doya, raina fes, na ce ashe abin ma banza ne. Tsohon ya kalle ni ya yi dariya har da tari. Da aka fassara masa cewa ta daji nake so, sai ya karɓe su daga hannuna ya mayar buhu, ya ba ni kujera.

Ya ce waɗannan duk na gona ne. A ƙarƙashin rumfa ake shuka su, a ciyar da su taki, shekara biyar ko shida a tone. Ta daji siririya ce, a yamutse, ga dogon wuya da kowace shekara ke bar masa tabo ɗaya, ga gashi dogaye. Shi mutumin can arewa ne, inda duwatsu da dusar ƙanƙara suke, don a zafin Gwanzo ba ta fita. Ubansa mahaƙi ne. Suna shiga daji a jere da sanduna, wanda ya fara gani ya ɗaura mata jan zare, sannan a tsuguna a yi ta tono da tsinken ƙashi, wani lokaci wuni guda, don kada gashi ɗaya ya tsinke. Jajayen 'ya'yanta a binne su nan wurin, ƙanana kuma a bar su. Daga baya aka samu masu kwashe babba da ƙarama su wuce. Yanzu hukuma ta hana, amma an hana ne bayan an gama. Na ce to ina ta dajin? Ya buɗe tafukansa ya ce meyo.

Zancensa sak da na Baba, wanda ya sha faɗa mana cewa dajin da yake zuwa tono tun yana saurayi ya zama filoti, itatuwan da suka rage kuma an sassaƙe su har sun bushe a tsaye. Na zo daga Kano har ƙarshen duniya, kuka ɗaya na tarar.

Ganin hawayena ne ya sa tsohon ya ƙara magana. Ya ce ubansu kafin ya mutu ya watsa iri a wani lungun daji ya bar shi ga Allah, ba taki ba rumfa, fiye da shekara talatin ke nan. Ƙanensa ke gadin wurin, kaɗan suka rage, kuma ba kowa suke tone wa ba. Zai sa a tono mini ɗaya, amma sai na jira kwana shida. Bai yaudare ni ba, ya ce ba ta warkar da kowace cuta, ƙarfi kawai take ɗagawa, kuma yana so ya ga hoton harshen maras lafiyar, don da harshe suke gane ciwo. Na kira Yaya. Ya ce Baba barci yake, kuma ina aka taɓa ce wa dattijo ya zaro harshe a ɗauke shi hoto? Ni ma na ji kunyar abin, na ce wa tsohon jikin da sauƙi.

Jirginmu saura kwana biyu ya tashi. Na sake kiran Yaya na ce ya faɗa mini tsakani da Allah, in tsaya ko in taho? Ya ce in gama abin da ya kai ni, jiki da sauƙi. Na canja tikiti, na fasa sayen wandunan don in iya biyan saiwar, ƙawata ta tafi ta bar ni. Kwanakin nan ban ga komai na garin ba. An kai ni tashar jiragen ruwa ta Nansha ganin yadda ake loda kayanmu, kwantena tsibi-tsibi har inda ido ya ƙare, ni dai waya nake dubawa. Duk sanda na ce a ba ni Baba, ko yana barci, ko ana goge masa jiki. Ƙawata ta isa gida, na ce ta je ta duba mini shi, ita ma ta ce da sauƙi.

Ran na shida saiwar ta iso, ɗanya, a naɗe cikin gansakuka da ɓawon itace. Ba ta kai kaurin ɗan yatsana ba. Tsohon ya nuna mini tabon wuyanta ɗaya bayan ɗaya, ya ce a riƙa yanka ɗan siriri ana sa masa a ƙarƙashin harshe. Na ce shyeshye, iyakar godiyar da na iya ke nan. A jirgi ban yarda na sa ta a akwati ba, a kan cinyata ta zauna har Kano.

Muna shiga layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza a zazzaune. Ranar sadakar uku ce. Da na bi ƙawata, da na same shi da rai, da na yi kwana biyu a gefensa.

Bayan jama'a sun ragu na tare Yaya a soro. Na ce, "Yaya, na haɗa ka da Allah, ka ce mini da sauƙi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a faɗa wa matafiyi, ke ma kin sani. Kina ƙasar mutane ke kaɗai, in kin faɗi wa zai riƙe ki?" Sannan ya ce tun ranar da ya kamata in dawo, duk wanda ya ɗaga labule sai Baba ya tambaya ko ni ce. Saiwar kuwa bai sake ambatonta ba.

Na so in yi masa faɗa, sai na tuna da nawa. Ni da kaina na taɓa ce wa wata 'yar uwarmu da ke Umara jikin mahaifiyarta da sauƙi, alhali an dawo daga maƙabarta, kuma a lokacin gani nake taimakonta na yi.

'Yan uwa, abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗi. In kun bar maras lafiya a gida, kada ku karɓi da sauƙi daga bakin kowa, ko da ɗan uwa ne. Ku ce a kara masa waya a kunne, ko numfashinsa ne ku ji. Saiwar tana nan cikin naɗinta, ta fara bushewa, dangi sai aikowa suke a san musu don ciwon gwiwa, ni kuwa na kasa buɗe ta. Wani uba ya shuka, 'ya'yansa suka yi gadi shekara talatin, aka tone ta saboda ni, kuma saboda ita ban ga ubana ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya yafe mini jiran da na sa shi.