Tsintsiyar Inna

Gari bai gama wayewa ba take isowa bakin get ɗin makarantar, kayan gida a jikinta, kayan makaranta a ninke cikin leda. Mai gadi ya buɗe mata ƙaramar ƙofa, ta gaishe shi ya amsa, ba mai ƙara wa wani. Sai ta wuce ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti da tsumma, ta faro daga azuzuwan sama tana gangarowa. Kafin motar farko ta sauke ɗalibi ta share azuzuwa, ta goge ofishin malamai, ta wanke banɗaki, ta sauya kaya ta zauna a kujerarta kamar yanzu ta fito daga gida.

Aikin ba nata ba ne, na Innarta ne. Shekara da shekaru Inna ke sharar makarantar, kuma albarkacin tsintsiyarta ne yarinyar da ƙanwarta Auta suke karatu tare da 'ya'yan masu hali. Dokar wurin ke nan: muddin kana aiki, naka na gida su yi karatu kyauta, ranar da ka ajiye aiki, su ma su tashi daga kujera. To sai gwiwa ta kama Inna, ta kumbura har ba ta iya taka matakala. Ba su yi wata doguwar shawara ba. Inna ta miƙa mata makullin ɗakin tsintsiya, ta ce kwana biyu ne, kada kowa ya ji. Kwana biyun nan ya cinye zango guda. Ba a gane ba, don dama Inna kan gama ta tafi kafin malamai su zo, mai gadi kuwa aikinsa get ne, ba tsegumi ba.

Ubansu yana raye, lafiyarsa ƙalau, bakinsa ma ya fi jikinsa lafiya. A inuwar masu gyaran babur yake wuni, yana warware wa duniya matsalolinta. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa babbar 'yarsa likita za ta zama. Bai san ajin da take ba. Tun tana ƙarama ta daina jin haushinsa, sai dai ta riƙa kallonsa kamar rediyon da aka manta a kunne.

A aji ana ce mata Sarauniyar Gyangyaɗi, don kafin a fita tara idonta ya fara rufewa. Wadda suke kujera ɗaya takan toshe hanci ta ce kullum hannunta warin asibiti yake yi. Ita kuwa sai ta ce ai likita za ta zama, ta fara da warin ne tukuna. A yi dariya, a wuce. Ta san 'yan ajin fiye da yadda iyayensu suka san su: ta san mai manna cingam a ƙarƙashin tebur, da mai gutsurar burodi sau ɗaya ya jefar, da wadda ta fi kowa tsafta a ido amma banɗakin da ta shiga sai an toshe hanci. Idan malami ya ce duk wanda ya dage zai ga sakamako, takan kalli ƙasan ajin da ta goge, ta ga takalma sun riga sun maido shi yadda yake jiya. A ganinta girma bai wuce haka ba: ka san wanda ke wanke abin da kake takawa, in ka yi rashin sa'a ka tarar kai ne.

Ƙwazonta ne ya tona mata asiri. Inna ba ta iya karatu ba, saboda haka duk takardar da ta tsinta mai rubutu tsoron zubar da ita take. Sai ta tara su a bakin tagar ofishin malamai ta ɗora dutse. Malamai sun saba, har suna kiran wurin ofishin Inna. Wanda ya ɓatar da wani abu can yake dubawa. Inna ta gargaɗi 'yarta a kan sabulu da makulli, amma ba wadda ta tuna da tagar. Yarinya kuwa tana karantawa. Tarkace ta zuba a kwando, mai amfani ta mayar teburin mai ita, littattafai ta jera kowanne da 'yan'uwansa. Malamin lissafi ne ya fara tsokana, wai Inna ta shiga makarantar manya a ɓoye. Wasa wasa magana ta kai kunnen Shugaba. Wata safiya ya yi sammako, ya same ta durƙushe a ofishinsa tana matse tsumma.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zaunar da ita a kujera mai laushi, ya ce ta burge shi, irin su ake nema, makarantar nan gida ɗaya ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe yana zuba zuma kafin ya fito da wuƙar. Ya ce Inna ta yi ƙoƙari, lokaci ya yi da za ta huta. Sai dai don tausayi, gurbin aikin yana nan, idan ita yarinyar ta karɓa Auta za ta ci gaba da karatu a ƙarƙashinta. Amma ma'aikaciya ba ta zama ɗaliba.

"Malam, in ci gaba da haɗa biyun mana. Ai ban taɓa makara ba," in ji ta.

"Doka ce, 'yata. Ni ma ba a son raina ba."

A gida Inna ta juya fuska bango tana cewa da ta sani da ta riƙa jan gindi tana sharar. Uban ya tashi tsaye, ya rantse gobe goben nan zai je ya ga mai makarantar ido da ido, har ya sa aka goge masa riga. Mai gadi yana bakin get goben, yana nan jibi, bai ga ko ƙeyarsa ba. Rigar dai ta sha guga.

Yarinyar ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta auna abin yadda ake auna ruwan bokiti: in ta ƙi, su biyu a waje, in ta karɓa, ɗaya a ciki. Saura shekara guda ta gama, Auta kuwa yanzu ta fara, kuma kanta yana ja. Ta koma ta ce ta karɓa. Shugaba ya yi mata karamci ɗaya: ya ba da labarinta a taron safe, ya ce ɗalibai su yi koyi da ita. Tana bayan azuzuwa tana kwance famfon da ya toshe ta jiyo tafin.

Ranar da aka koma sabon zango ta gama sharar safe ta fito bakin get ta tari Auta. Ta raka ta har ƙofar aji, ta gyara mata wuyan riga, ta sa yawu a yatsa ta goge mata gefen ido.

"In kin gan ni da bokiti, ki wuce abinki. Kada ki gaishe ni a gaban ƙawayenki."

"Haba Yaya, don me?"

"Don na ce. Shiga, an kaɗa ƙararrawa."

Ta tsaya har Auta ta zauna ta ciro littafi. 'Yan tsohon ajinta suna hawa bene, wasu suka ɗauke kai, ita ma ba ta neme su da ido ba. Wani ƙaramin yaro ya yi amai a baranda, ana ta kiran mai shara. Ta naɗe hannun riga ta nufi wurin.