Kafar da Yaya Ya Toshe

Gidanmu na Anka da gidan Gwaggo baya da baya suke. Ƙofarmu gabas take kallo, tasu yamma, sai ka zaga ta bakin masallaci da rumfar mahauta kafin ka kai. Amma mata ba sa zagawa. A katangar ƙasar da ta raba mu akwai kafa, daidai yadda mace za ta sunkuya ta wuce, an rataya mata tsohon buhu. Ta nan ake ɗiban wuta, ta nan ake aron rariya, ta nan kwanon tuwo ke tafiya ya dawo da fura. Gwaggo ba jininmu ba ce. Aminiyar Inna ce tun suna amare, kuma kullum bayan la'asar za ka same su a tabarma guda, suna ɓarar gyaɗa suna gyara duniya da baki.

Bayan rasuwar Baba, farkon dawowar mulkin farar hula, babban yayanmu ya dawo daga Kaduna da mota da tumbi da wata sabuwar kalma. Kwampawun. Gidan da aka haife shi, aka yi masa kaciya, yanzu ba gida ba ne, kwampawun ne. Ni lokacin ina koyarwa a firamare a Gummi. Na zo hutu na tarar an rushe katangar ƙasa, an tayar da ta bulo har ta fi rumbu tsawo, an jera mata fasassun kwalabe a ka. Inda kafar take, siminti ne sumul.

Na same shi a zaure, ban ma gama gaishe shi ba na ce, "Yaya, ta ina Inna za ta bi?"

Ya ce, "Ke ba ki san birni ba. Kwampawun ƙofa guda gare shi, kowa ya shigo a gan shi. Awakin mutane sun ishe ni."

Wato saboda akuya aka toshe wa tsohuwa hanya. Na faɗa masa haka, ya ce in tuna shi ne babba. Na tuna, amma raina bai daina tafasa ba. Da na koma Gummi na tambayi malamin Turancinmu wannan kalma da ta fi Inna daraja. Ya ce Turawa ma aro ta suka yi daga wata ƙasa can Asiya, kuma a wajen masu ita ƙauye take nufi, wurin da mutane ke zaune tare. Na yi dariyar takaici. Ta ƙetaro teku lafiya lau, sai da ta faɗo hannun yayana ta tsiro da kwalabe.

Inna ba ta ce masa komai ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Ta ɗauki sanda ta fara zagawa. Ga ciwon gwiwa, ga maza zaune bakin masallaci, da sun hango ta sai hira ta tsaya, ita kuma kunya ta rufe ta. Zuwan kullum ya koma na Juma'a. Daga baya ita da Gwaggo suka koma ɗaga murya ta saman katanga, alhali kunnen Gwaggo ya yi nauyi. Matar da ta saba raɗa wa aminiyarta abin da ke cikinta, ya za ta yi ta kwarmata shi unguwa na ji? Hirar ta rage daga "kin tashi lahiya" sai "lahiya lau". Na sake yi wa Yaya magana a fasa 'yar ƙofa, ko ta langa-langa ce. Ya ce za a ɓata plasta.

Da damina Gwaggo ta kwanta ciwo. Ina gida hutu ranar da aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai da ya tsagaita, hantsi ya ɗaga, muka jiyo kuka daga bayan katanga. Inna ta jawo mayafi, na riƙe hannunta muka fita. Lungu duk taɓo, tana taku tana hutawa, tana cewa in ja ta. Daidai rumfar mahauta muka haɗu da maza ɗauke da makara. Muka raɓe, muka juya fuska ga bango har suka wuce.

A gidan, surukar Gwaggo ta kama hannun Inna ta ce, "Tun da sahe muke kiranki ta katanga, ruwa ya hana ku ji. Mun jira har maza sunka matsa."

Da yamma Yaya ya shigo ɗakin Inna ya durƙusa, ya yi mata gaisuwa, ya ce ai da an faɗa masa da ya kai ta a mota. Na buɗe baki zan ba shi amsa, Inna ta ɗaga mini hannu. Ban taɓa ganin ta kalli ɗan farinta ido cikin ido ba sai ranar.

Ta ce, "Tun muna da ƙarhinmu munka yi alkawali, wadda duk ta riga, guda ta yi mata wanka. Yau wata ta wanke ta, ni ina nan zaune cikin kwampawun ɗinka."