Umma Ta Tafi Kano Ba Takalmi

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana raye, gidanmu na unguwar Arawa ba ya buƙatar agogo da safe. Yayana ne agogon. Da an idar da sallar asuba zai yi wanka, ya sa kaftani, ya rataya jakarsa, ya tsaya a bakin zaure yana jiran mai keken da ke ɗaukarsa. Idan maƙwabci ya tambaye shi ina zuwa, amsa ɗaya ce: "Ofis."

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce auta. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, ya tashi, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta ci gaba da girma tare da jikinsa ba, kuma ya bar masa farfaɗiya. Ƙato ne, buhun masara ba ya gagararsa, sai dai magana in ta yi tsawo tana ɓace masa. Ofis ɗin da yake faɗa kuwa wata cibiya ce ta wajen unguwar Herwagana, inda manya masu nakasa ke yini. Akwai makafi, kurame, masu keken guragu, da irin su yayana. Wasu na haɗa sabulu, wasu na saƙa kujeru, shi kuma aka sa shi ɓangaren takalma.

Ranar da Umma ta fara kawo zancen kai shi can, ni ce na fi kowa baki. Ina ganin kaina malamar makaranta, na karanta abin da na karanta, na ce ɓata kuɗin keke ne kawai, mutumin da bai iya ɗaure mazagin wandonsa da kyau ba ina shi ina basilla. Umma ta bar ni na gama jawabina, ta ce, "To Malama, mun ji." Washegari ta kai shi. Kafin shekara ta zagayo ni ce nake lallaɓa shi ya ɗinke mini takalmina mai tsini na zuwa makaranta, yana juya shi a hannu yana cewa wannan ba takalmi ba ne, tsani ne.

Tun daga nan ya daina kallon fuskar mutane, ƙafa yake fara kallo. Mijina ma da ya zo neman aurena, sai da Yaya ya ɗaga takalminsa a ƙofar zaure ya duba ƙasan, sannan ya shigo ya gaya wa Umma cewa mutumin kirki ne amma yana jan ƙafar hagu.

Umma tana da ciwon suga, ƙafafunta na kumbura, takalman kasuwa duk cinta suke yi. Yaya ne ya ɗora ƙafarta a kan kwali, ya zagaye da biro, ya tafi da shi ofis. Ya yi mata wani na fata mai laushi, baƙi, mai faɗin baki. Ba zan ce yana da kyau ba, ɗinkin ɗaya ma ya ɗan karkace. Amma daga ranar Umma ba ta ƙara sa wani ba, ko biki za ta, ko asibiti.

Da shi ta tafi asibiti a kwanciyarta ta ƙarshe. Ta rasu da hantsi, ina riƙe da hannunta, lokacin Yaya yana can ofis bai san abin da ake ciki ba.

Kafin a gama yi mata wanka Bappa ya kira ni da mijina gefe. Bappa ƙanin mahaifinmu ne, shi ne babba a dangi tun bayan rasuwar Baba. Ya ce, "Kada wanda ya gaya wa yaron nan. In an tashi daga wajen aikin nasu, ka wuce da shi gidanku. A ce masa ta tafi Kano wajen ƙanwarta."

Bappa ba mugu ba ne, kuma yana da hujjarsa. Lokacin da Baba ya rasu, Yaya ya ga an fito da makara, ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Wata rana aka neme shi aka rasa, sai can da yamma aka same shi a hanyar maƙabarta, ƙafa duk ƙaya. Umma ce ta rarrashe shi har ya dawo daidai, ga shi yanzu ba Umma. Tsoron ya kama ni ni ma, na ce wa Bappa to. Aka sallace ta bayan azahar, aka kai ta. Mijina ya dawo daga maƙabarta ya ɗauko Yaya, ya kai shi gidanmu a Federal Low-Cost.

Washegari da safe na leƙa gida in sauya kaya in koma wajen zaman makoki. Na tarar da Yaya zaune a ƙasa a falo, cikin shirin ofis. Kayan da muka kwaso daga asibiti, bargo da kula da buta, mijina ya jibge su a bayan ƙofa. Yaya ya buɗe ledar, ya ciro takalman Umma, ya jera su a gabansa.

Ya ce, "Auta, Umma ta tafi Kano?"

Na ce, "Eh, Yaya."

"Ba takalmi?"

Na juya ina neman abin da ban ajiye ba a cikin jaka. Na ce ta sayi wani a hanya.

Ya girgiza kai. "Na kasuwa yana cin ta. Zai yi mata ciwo. Likita ya ce kada ta ji ciwo a ƙafa."

Mai keke ya yi hon a waje. Ya mayar da takalman cikin leda, ya cusa a jakarsa, ya fita. Ni kuwa na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yarana su ji kukana.

Wajen azahar ina cikin mata a ɗakin Umma, aka ce ana sallama da ni. Shugabar cibiyar ce, wadda suke kira Malama. 'Yar Tangale ce, Kirista, shan inna ya taɓa mata ƙafa ɗaya tun tana yarinya, da sanduna biyu take tafiya. Mijina ya riga ya gaya mata komai jiya. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce tana son ganin babban gida.

Bappa ya shigo zaure, ta durƙusa iya yadda ƙafarta ta bari, ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, yau ɗanku bai taɓa aiki ba. Sau biyu maigadi yana tare shi a bakin get. Ya ce tasha za shi, ya ba direban Kano takalmi ya kai wa Umma. Yanzu haka na sa mutum ya zauna da shi. Yau mun tare shi, gobe fa? Ranar da ba aiki fa?"

Bappa ya ja carbinsa. Ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ga abin da ya faru lokacin ubansa ba. Yaron nan ba zai iya ɗauka ba."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu a wajenmu ba mu da yara, duk manya ne. Shi ma furfura ta fara fito masa. Zai yi kuka, zai iya faɗuwa ma, muna da maganinsa, mun san yadda ake kwantar da shi. Amma in kun ce tana Kano, to Kano zai nema har ya same ta. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Wanda aka gaya wa gaskiya yakan yi kuka ya gama. Wanda aka ce wa an yi tafiya, a bakin ƙofa yake ƙarewa."

Ban taɓa ganin hawayen Bappa ba sai ranar. Ya share da bakin babbar riga, ya ce shi dai bakinsa ba zai iya ba. Ya dube ni.

A cikin keke, a hanyarmu ta zuwa cibiyar, Malama ta yi ta koya mini yadda zan gaya masa, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane. Ta ce kada in ce ta yi barci, kada in ce ta riga mu, kada in ce Allah ya karɓi abarsa. In faɗi kalmar yadda take, gajeriya, sannan in yi shiru in jira shi.

Muka same shi a ɗakin takalma, warin gam da fata ya cika wurin. Yana kan benci, jaka a cinya, wani kurma abokin aikinsa na zaune kusa da shi. Na durƙusa a gabansa na kama gwiwarsa.

Na ce, "Yaya, Umma ba ta je Kano ba. Umma ta rasu. Ta mutu, kamar Baba. Ba za ta dawo ba."

Na jira ya faɗi. Malama ta riga ta janye guduma da wuƙaƙen yankan fata daga kan teburi. Bai faɗi ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce, "An yi mata wanka?"

"An yi, Yaya."

"Yaushe za a kai ta?"

"An kai ta jiya."

"Wa ya ɗauka?"

Na fara lissafa masa, mijina, 'ya'yan Bappa, maƙwabta. Ya katse ni.

"Ni ne babba," ya ce. "Ina da ƙarfi, Auta. Da ba zan yar da ita ba."

Sai a nan kukan ya zo masa, irin na babban mutum, mai fitowa daga ƙirji. Kurman nan ya rungume shi ta baya yana bubbuga kafaɗarsa. Ni na shirya wa farfaɗiya, na shirya wa gudu, na shirya wa ƙin cin abinci. Ban shirya wa wannan maganar ba, kuma har yau ban samo amsarta ba.

Da la'asar mijina da Bappa suka kai shi maƙabarta ya ga wurin. Farfaɗiyar ta zo masa bayan sun dawo, ta yi ta wuce, muka ba shi magani. Ranar sadakar uku Bappa da kansa ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kan tabarmar ƙofar gida, a gefensa na dama, inda ɗan fari ke zama.

Da hantsi muna ciki muka ji hayaniyar kekuna. Na leƙa ta zaure. 'Yan cibiyar ne, Malama ta kwaso su. Ana sauke kekunan guragu, makafi sun dafa kafaɗar juna, kurame na gaba. Suka wuce manyan unguwa da alhazai, suka nufi Yaya kai tsaye, don shi suka zo yi wa ta'aziyya. Wani makaho ya lalubo hannunsa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Umma." Yaya ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Amin, na gode." Ban san inda ya koya ba. Ashe duk shekarun nan yana jin yadda ake yi, ba a dai taɓa ba shi wurin da zai faɗa ba.

Bai gudu ba, bai daina cin abinci ba. Bayan sati ya koma ofis. Yanzu a gidana yake zaune, mai keken ne kawai ya sauya hanya. Takalman Umma suna ƙarƙashin gadonsa, yakan fito da su ya goge ya mayar.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ba na ganin laifin Bappa, Allah ya jiƙansa shi ma, tsoro ne da ƙauna suka sa shi. Abin da na gane shi ne mu 'yan gida mun iya ciyar da Yaya, mun iya ba shi magani a kan lokaci, mun iya tsare shi daga titi. A can cibiyar ne kawai ake ɗaukarsa babban mutum, mai sana'a, mai abokai, wanda in uwarsa ta mutu ake zuwa a yi masa gaisuwa. Ku da kuke da irin yayana a gida, ba zan ce ga yadda za ku yi ba, kowa ya san nasa. Ni dai abin da muka hana shi ranar nan ba shi da ranko, sau ɗaya ake kai uwa.

Har yanzu in aka yi rasuwa a unguwa, Yaya ba ya zuwa ofis. Yakan sa farin kaftani ya tafi, ko ya san mamacin ko bai sani ba. Mijina ya ce da an ɗaga makara shi ne farkon sa kafaɗa. Kun san yadda maza ke yi, kowa ya ɗan ɗauka ya matsa wani ya karɓa don a raba lada. Yaya ba ya matsawa. Da farko mutane kan taɓa shi su ce ya kawo, yanzu duk sun sani, sai su yi ta karɓa-karɓa a sauran kusurwoyi uku su bar masa tasa. Haka yake riƙewa har bakin kabari.