Ragunan Baffa a Sararin Sama

Ranaku da yawa sun shige a rayuwata ba tare da sun bar mini komai ba, amma ranar da na raka ragunan Baffana a jirgin sama tana nan daram a zuciyata, kuma ba na jin za ta taɓa gushewa.

A lokacin ban daɗe da kammala karatun kula da jirage a nan Zariya ba. Na samu aiki a wani kamfanin dakon kaya, aka ɗora mini alhakin tsara lodi: in auna kowane kaya, in san inda zai zauna, domin kada nauyi ya rinjayi gaba ko baya. Jirgin namu tsohon jirgin fasinja ne da aka mayar na kaya. An cire kujerunsa, an toshe tagoginsa da ƙarfe, an yanka masa babbar ƙofa a gefe, an ƙarfafa daɓensa. Idan mutum ya duba sosai zai ga gurbin kujerun da alhazai da 'yan kasuwa suka zauna a kai shekara da shekaru. 'Yan kujeru kaɗan aka bari a bayan matuƙa saboda masu rakiya.

Baffa, yayan mahaifina, mai safarar raguna ne, kuma babu wanda bai san garkensa ba a Tudun Wada. Tun kafin a haife ni yake loda tirela a Kwangila yana kaiwa kudu. A waccan shekarar hanya ta lalace, motoci suna kwana a kanta, dabbobi suna mutuwa, ga babbar sallah ta ƙarato. Sai shi da abokan sana'arsa suka yi hayar jirginmu daga Kano zuwa Legas, suka zaɓe shi ya yi rakiya.

Muka zuba ragunan a shingaye masu ƙofa, kowanne an ɗaure shi da daɓe. Can baya, wajen jelar jirgin, na bar fili da gangan. Baffa ya dubi filin, ya dube ni.

"Ga wuri a banza, ka cushe mini dabbobi kamar buhunan masara?"

"Lissafin nauyi ne, Baffa."

"Lissafi. To, Allah ya amfana boko."

Maganar ta tsaya nan. A gidanmu ba a jan zance da yayan uba. Ko ido ba ma haɗawa da shi.

Da jirgi ya daidaita a sama, sai Baffa ya ce zai leƙa ragunan. Masu safara suna da wata al'ada: idan mota ta hau titi, akan sassauta igiya a ba dabbobi sarari, don kada su danne juna su shaƙe. Wannan dabara ta ceci raguna masu yawa a hannunsa, kuma a tirela daidai ce. Ina zaune sai matuƙi ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, me ke motsi a bayan nan? Jela tana yin nauyi. Ina gyarawa, tana ƙaruwa."

Na buɗe ƙofar da ta raba mu da kaya. Shingayen gaba wayam. Ragunan sun bi ta gefe sun taru a filin nan na baya, wasu har sun kwanta suna tuƙa. Baffa yana tsaye, hannunsa a kan sakatar wani shingen, fuskarsa cike da gamsuwa.

Idan jirgi ya sunkuyar da hancinsa don sauka, wannan nauyi duka zai gangaro gaba a lokaci guda, kuma babu matuƙin da zai iya riƙe shi. Legas kuwa ta matso.

"Baffa, ka saki sakatar nan."

Ya juyo a hankali. "Da wa kake?"

"Da kai nake, Baffa. Ka sake ta. Idan ba su koma ba kafin mu fara sauka, daga mu har su babu mai ganin sallah."

Har yau ina mamakin bakin da ya furta wannan magana. Ya yi mini wani dogon kallo, sannan ya janye hannunsa.

Na shiga cikinsu ina turawa, sai suka ƙara cunkushewa a lungu. Wani ya tunkuye ni na zube. Jirgi ya ɗan girgiza, na ji kofatai suna zamewa a kan ƙarfe, na ji addu'a tana fita daga bakina a gutsure. Matuƙi ya yi magana ta lasifika cewa zai kewaya, amma man da ke gare mu ba na dogon jira ba ne.

"Daina tura su," in ji Baffa. "Miƙo mini kwanon dusa."

Ya koma gaba, ya riƙa ƙwanƙwasa kwanon da zobensa, yana yin irin kiran da yake musu kowace safiya a bayan gidanmu. Wani babban balami, jagoran garken, ya miƙe, ya tsaya kamar mai shawara. Wannan tsayuwa tasa ta fi mini tsawon shekarun karatuna. Daga nan ya taka, sauran suka bi shi. Baffa yana rarraba su, ni ina zura sakata. Wani rago gurgu ya ƙi tashi, Baffa ya sungume shi, har babbar rigarsa ta yage. Muna ɗaura bel ɗin kujera jirgi ya fara sunkuyawa.

Mun sauka lafiya, muka dawo Zariya. Na kwana biyu ina jiran hukunci. Ranar sallah, zaure cike da 'yan uwa, sai ya dubi mahaifina ya ce, "Yaron nan naka ya daka mini tsawa a sama."

Fuskar mahaifina ta sauya. Na sunkuyar da kai.

"Kada ka ce masa komai," in ji Baffa. "Da ya yi mini irin ladabin da muka koya masa, da yau zaman makoki ake yi a zauren nan." Ya tura mini akushin soye.

Abin da na koya shi ne, girmama babba bai hana a gaya masa dalili ba, kuma gwanin hanya yana iya zama baƙo a wata hanyar. Tun daga ranar, duk wanda zai raka dabbobi a jirgina, komai furfurarsa, sai na kai shi gaban filin nan na baya tun muna ƙasa, na bayyana masa abin da ya sa aka bar shi babu komai.