Dillalin Mai Gida

A shekarar da aka shafa jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, alamar za a rushe shi, abu ɗaya nake nema: ɗaki a ƙasa. Gwiwoyin mahaifiyata sun daina hawa bene.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da dillali a Bani Malik, Bahaushen Sudan, mai fara'a, wanda tun gaisuwar farko yake kirana ɗan'uwa. A Kano, inda na tashi, dillalin da ka je wurinsa ya taka da kai naka ne. Kana faɗa masa halin da kake ciki, shi kuma ya san abin da zai gaya wa mai gida da abin da zai haɗiye. Ban taɓa tambaya ko haka tsarin yake a Jidda ba.

Ya nuna mana gida mai ɗaki biyu a ƙasa, ƙofarsa na kallon masallaci. Inna ta zauna a bakin ƙofa, ta ce iskar wurin ta yi mata. A mota na faɗa masa komai: iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, saura wata biyu ta ƙare, kafilina da nake zaune a ƙarƙashin sunansa ya rufe kamfaninsa, kuma ban sami wanda zai karɓe ni ba tukuna. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa Allah ya kawo sauƙi.

Washegari ya kira ya ce mai gida ya fasa. Na same shi a ofishinsa. Bai musa ba, shi ya kai wa mai gidan labarin iƙamata. Ya juyo da allon kwamfuta ya nuna min yarjejeniyar da suka sa wa hannu da mai gidan tun kafin ya san ni. A nan, in ji shi, dillali na wanda ya rubuta takarda da shi ne, kuma ba ya ɓoye masa komai.

"Amma ni na zo wurinka," na ce.

"Ka zo, ɗan'uwa. Ba ka rubuta ba."

Na ce to mu rubuta yanzu, ya nemo mana wani. Ya yi murmushi ya tambaye ni da wace iƙamar. Ya zuba min shayi, na sha.

Wurin da muka samu shi ne gidan ɗan gwaggona a Sharafiyya, hawa na huɗu. Mu uku, ni da shi da wani maƙwabcinsa, muka hau da Inna a kan kujerar roba, muna hutawa a kowane hawa. Takan tambaye ni labarin gidan nan mai kallon masallaci, nakan ce ana kan magana. Tun ranar da muka hau da ita ba ta sake taka ƙasa ba.