Ce Mata Ta Shigo

Shekarun baya, lokacin ina goyon 'yata ta biyu, kusan kullum a gidanmu na Ƙofar Kibo nake wuni. Ni ce auta, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Maigidana har tsokanata yake yi, wai shi rabin mata aka aura masa, ɗaya rabin yana can kan tabarmar Inna yana cin ƙanzo.

Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyarmu, ni da yayata, wadda ita ce 'yar fari. Wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da wannan ke nufi a wurin iyayenmu na da. Ana yaye ta aka kai ta wurin kakarmu a Kwarbai, can ta girma. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba ta yi mata magana kai tsaye. In Yaya ta zo gaisuwa, daga bakin ƙofa take durƙusawa, ni kuma in zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa ɗaya. Yaya ce ke farawa.

"Ce mata ya ƙafar tata?"

"Inna, wai ya ƙafarki?"

"Ce mata da sauƙi. Kuma ga tuwo can in tana ci."

Haka muka taso muka gani, har ba ma jin abin wani iri.

Yaya ta yi karatu ta zama likita a asibitin koyarwa, daga baya ta shiga bincike a kan ciwon dajin mama. Abin da ya hana ta sakat shi ne me ya sa ciwon ke kama matanmu da sauran ƙuruciyarsu, kuma ko yana bin jini a wasu gidaje. Ita da abokan aikinta suna ɗibar jinin matan da suka amince, suna tambayar tarihin uwa da kaka. Ranar hutu kuma ta bi gidajen suna da islamiyyu tana koya wa mata yadda za su riƙa duba kansu. Ni kaina na sha wa'azin nan har na haddace, in ta fara sai in ƙarasa mata, ta ce wata rana sai ta ɗinke min baki.

Inna tana alfahari da ita, amma a bayan idonta. In maƙwabta suka shigo sai ka ji ta ce, "Likitar taku ce ta aiko da shi," tana tura musu lemo. Ba ta taɓa cewa likitarmu ba.

Wata ranar Juma'a da hantsi na shiga ɗakinta ba sallama, kamar yadda na saba, na tarar tana canza tsumma a ƙirjinta. Ta yi sauri ta ja zani, amma na riga na gani. Gefen hagu ya kumbura ya yi tauri, fatar ta canza, har wuri ya fashe. Duk abin da Yaya ke lissafa wa matan unguwa, ga shi a jikin uwarta.

"Inna, tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu. Ina shafa magani." Ta kama hannuna ta riƙe. "Kada ki gaya wa waccan."

Kwana biyun Inna ya haura shekara. Ta ji ana cewa daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Amma ba wannan ne babban dalilinta ba. Ta san duk likitan da ta je wurinsa a garin nan, maganar za ta kai kunnen Yaya, kuma Yaya za ta ce sai ta gani da idonta. Ita kuwa gara mata ciwon da ta buɗe ƙirji a gaban 'yar fari.

Duk dangi sun san bakina ba ya riƙe magana, kuma ranar ce kaɗai na gode wa Allah da ya yi ni haka. Ko takalmi ban tsaya nema ba na fita zaure na kira Yaya.

Kafin la'asar ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofa inda ta saba tsayawa, da jakarta a hannu. Inna ta juya fuskarta bango.

"Ce mata ina so in duba."

"Ce mata ta koma wurin aikinta. Masu ciwo na jiranta."

Haka muka yi ta yi kusan mako guda. Kawunmu ya zo ya yi magana, Inna ta ce ta ji, ba ta motsa ba. Yaya ta kawo wata abokiyar aikinta, Inna ta ba ta ruwa da goro, ta tambaye ta mutanen gida, ta sallame ta. Ni kuma kuka nake yi ina masifa, wai ni a dole mai faɗa a ji. Ko kallona ba ta yi.

Rannan Yaya ta zo ba jaka. Ta zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, daidai tagar Inna, ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta san ana jin ta.

"Ce mata ba don ita kaɗai nake naci ba. Akwai irin wannan ciwon da ke bin jini, shi muke bincike a kai. Ƙanwarta da ta rasu a Kwarbai, da aka ce iska ce, ina zargin shi ne. In irinsa ne, to ni ma ina iya ɗauke da shi. Ke ma haka. Wannan da ke bayanki ma haka. Hanya mafi kusa da za mu sani ita ce a fara da ita."

Ban isar da saƙon ba, don ba bukata. Can muka ji muryar Inna daga ɗaki.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Ce mata ta shigo."

Da muka shiga, ta riga ta kwanta. Ta ɗauki mayafinta ta lulluɓe fuskarta gaba ɗaya har wuya, sannan ta sassauta zanin da kanta. Yaya ta wanke hannu, ta durƙusa, ta yi bisimilla. Ta duba a hankali, ta taɓa hammata, ta taɓa wuya. Ina kallon mayafin yana jiƙewa daidai wurin idanu.

Da muka fito na tambaye ta da ido. Ta girgiza kai kawai, ta wuce bayan ɗaki ta daɗe ba ta dawo ba.

An kai Inna asibiti, an yi hoto, an yi abin da za a iya. Ciwon ya riga ya bazu. Jinin binciken kuwa, ƙa'idar aikinsu ba ta bar Yaya ta ɗiba da hannunta ba, sai abokiyar aikin nan tata ta zo ta yi wa Inna bayani tiryan-tiryan. Inna, wadda ta shekara tana gudun allura, ta miƙa hannu tun ba a gama ba, ta ce, "'Yar nan, ɗibi yadda zai ishe ku."

Ba ta kai azumin shekarar ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Sakamakon ya fito bayan rasuwarta, kuma zargin Yaya ya tabbata. Aka gwada mu. Ita ba ta ɗauko ba, ni ce na ɗauko. Tun daga nan ta sa ni a gaba da dubawa, ba ta ɗaga min ƙafa ko ina da biki. Bayan wasu shekaru aka ga wani ɗan ƙullutu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, aka cire. Ga ni nan ina ba ku labari, 'yar da nake goye da ita har ta shiga sakandare.

Na daɗe ina jin haushin kunyar nan. Har yanzu in na tuna shekarar da Inna ta yi tana shafa magani ita kaɗai a ɗaki, alhali 'yarta na zagaya gidajen mutane tana ceton iyayen wasu, sai haushin ya dawo min sabo. Amma na kasa zaginta, don da ita aka raini Inna, kuma ta ajiye ta a ranar da ta ji ran 'ya'yanta ne a kai. Roƙona dai, in kuna da tsohuwa a gida, kada ku tsaya a "da sauƙi".

Da binciken su Yaya ya fito a mujallar likitoci, na je yi wa Yaya murna. Na same ta a ofis, ba alamar murna a fuskarta. Na ce ai ya kamata ta ji daɗi, ko ba komai jinin Inna na ciki. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Auta, kin san tun da aka yaye ni ban sake taɓa jikinta ba sai ranar nan? Nonon da na sha ne. Ina ɗora hannu na san ba za ta tashi ba, amma na ƙi ɗagewa da wuri. Na gama dubawar tuni, kawai dai ban so in cire hannun ba ne."

Na ce, "Da ta sani..."

"Ta sani," in ji Yaya. "Ta ƙarƙashin mayafin ta kamo yatsana ta riƙe."