Ranar da Aka Auna Tafkin Unguwar Lado

Laraba ce a tsakiyar daminar casa'in da shida. Hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zuba, gari ya yi zufa, ko ganye ba ya motsi. A ranar Mainasara ya raka ma'aikacin lafiya bakin tafki.

Mainasara manomin dawa ne a Unguwar Lado. Kurkunu ya taɓa kwantar da shi damina guda, ya bar masa ƙafar hagu a sandare. Tun daga nan shi ke bi gida gida yana naɗe wa mutane tsutsar a jikin tsinke, yana raba ƙyallen tace ruwa. A daminar nan ta casa'in da shida mutum ashirin da bakwai ne a kwance, ciyawa ta ci gonakinsu, kuma duk daga tafkin nan suke sha.

Malam Surajo, ma'aikacin lafiyar da ke zuwa musu a babur, shi ya faɗa masa abin da ya hana su samun rijiyar burtsatse. Ya ce a Kano an fara zuba garuruwan masu kurkunu cikin kwamfuta, kowanne da ɗigonsa a taswira, kuma ɗigon nan masu haƙa suke bi. Unguwar Lado ba ta ciki. Sai an tsaya a wurin da wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo, ta ɗauko lamba daga tauraron ɗan'adam.

To su mutanen unguwar daga ƙasar da ruwan madatsar Tiga ya cinye suka taso. Can ma da awo aka fara. Shi ya sa Surajo na ɗaga na'urar sama, aka fito daga gonaki da sanduna da fartanyu. Mudi ne a gaba, abokin Mainasara tun na wasan ƙasa.

"Kai gurgu! Yanzu kai ne ɗan jagoran masu awo?"

"Rijiya ce, Mudi. Ga Tani can a kwance, ni na naɗe mata jiya."

"Bar zancen matata! Haka aka ce wa ubana, ruwa za a kawo muku. An kawo kuwa, har bisa rufin ɗaki!"

Wani daga baya ya yi jifa. Dutsen ya fasa goshin Surajo, ya durƙushe, na'urar ta faɗi cikin ciyawa. Mainasara ya ja ƙafa ya ɗauke ta, ya ɗaga da hannun dama.

"Malam, ta kama?"

"Da saura! Kada ka sauke sai lambar ta tsaya!"

Sandar farko a gadon baya ta same shi, ta biyu a haƙarƙari. Ya dogara da sandararriyar ƙafar, bai faɗi ba. Suka rufe shi da duka, wani ya tsaga masa kunne, jini ya jiƙe masa taguwa, shi kuwa idonsa na kan ɗan gilashin. Bai yi boko ba, amma ƙirgen masu ciwo ya koya masa lambobi. Da suka tsaya ya shiga kiransu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Surajo, jini na shigar masa ido, yana rubutawa da biro a kan wandonsa.

Yana kiran ta ƙarshe Mudi ya sauke masa ƙotar fartanya a wuyan hannu. Ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, na'urar ta yi tsalle ta faɗa tafki. Jin ƙarar nan ya sa kowa ya ja baya. Mudin ne ma ya goya shi zuwa gidan mai ɗori, yana tafe yana zaginsa.

Ɗorin bai kama daidai ba, hannun ya shanye.

Bayan wata goma sha huɗu motar haƙa ta zo. Aka sake fitowa da sanduna, aka tsaya ana kallo kwana uku, har ruwa ya feso. Daminar da ta biyo baya mutum biyu kawai suka kwanta. Mudi bai taɓa shan ruwan da saninsa ba har ya rasu, sai dai Tani tana ɗiba a ɓoye ta juye masa a randa.

Mainasara yana nan da rai a Kwanar Dangora, gidan 'yarsa Baturiya. Ya daina noma, kuma da hagu yake cin abinci.